HITA IRI-IRI CE, KOWACE DA AIKINTA

Ga shi kaka ta yi, an soma jin iskar hunturu da asuba. Wanda duk ya shiga babbar kasuwar Birnin Kebbi ko ta Jega a 'yan kwanakin nan, zai ga masu shagunan kayan wuta sun rataye hita a bakin ƙofa, manya da ƙanana. Magidanci na neman ta dafa ruwan wanka, mai kiwon kaji na neman ta ɗumama 'yan tsaki, mai injin liƙe leda na neman madadin wadda ta ƙone masa. Kusan dukansu tambaya ɗaya su ke yi wa mai shago, watau, "Wace ce ta fi ƙarfi?" To, a kan wannan tambaya na ke so in yi muku magana yau, domin na ga irin hasarar da ta ke jawowa da idona.

A daminar da ta wuce wani dattijo a nan Dangoma ya aiko jikansa ya kira ni. Ashe ya sami tsohon firji, ya sa kafinta ya yi masa tire uku a ciki, ya tara ƙwan zabi 180, waɗansu na gidansa, waɗansu saye. Ya tafi birni ya ce wa wani mai shago ya ba shi hita mai ƙarfi, aka miƙo masa wayar rishon lantarki mai wat 1,000. Aka haɗa masa ita da tamostat, watau na'urar da ke kashe wuta in zafi ya kai inda a ke so, amma ba a sa fanka ba.

Da na isa muka gaisa, sai ya ce, "Malam, yau kwana 30 ke nan, tsaki 11 kaɗai suka fito. Ko ƙwan ne ba na kirki ba?" Na fasa waɗansu na duba. Na tiren ƙasa, masu fuskantar wayar, sun mutu tun suna jini. Na lungunan sama kuwa sun yi nisa, amma ba su kai ga fasa ɓawo ba. Sai na rataya ma'aunin zafi a ciki, muka kunna, muka zauna muna kallo. Da zafi ya kai digiri 38 tamostat ya kashe wuta daidai yadda aka umurce shi. Amma wayar tana nan ja wur, zafi ya yi ta hawa har digiri 43 kafin ya soma sauka. Na ce masa, "Baba, ƙwanka ba shi da laifi, hitar ma lafiyarta lau. Wutar gumin shinkafa aka hura don a ɗumama kokon jariri."

ABIN DA KE CIKIN HITA

Duk kayan da ke ba da zafi da wutar lantarki, ko dutsen guga ne, ko buta, ko risho, ko injin ƙyanƙyasa, zuciyarsa ɗaya ce, watau wata waya wadda masu gyaran wuta ke kira elimen. Wayar tagulla da a ke ja cikin gida hanya ce buɗaɗɗiya, wuta na wucewa ba wahala. Ita kuwa wayar elimen matsattsiyar hanya ce, wuta ba ta wucewa sai da gumurzu, kuma gumurzun nan shi ke zama zafi. Wani mutumin Ingila, James Joule, shi ya auna wannan al'amari wajen 1840.

An daɗe ana neman wayar da za ta yi ja kullum ba ta narke ko ta cinye ba. A 1906 Albert Marsh na Amurka ya sami takardar mallakar wani haɗin ƙarfe da a ke kira nikrom. Irin da aka fi aiki da shi, kashi 80 cikin 100 nikel ne, kashi 20 kuromiyam, kuma ya kan jure zafin da ya wuce digiri 1,000. A 1931 aka kafa kamfanin Kanthal a ƙasar Suwidin, mai yin wata wayar da baƙin ƙarfe da kuromiyam da alminiyam. Ita ta fi nikrom jure zafi, don haka ita a kan sa wa manyan tanderun masana'antu.

Wayar dai kusan ɗaya ce, rigar da a ke sa mata ita ta bambanta. Akwai wadda a ke bari tsirara a nannaɗe cikin faifan yumɓu, kamar ta risho. Akwai wadda a ke zurawa cikin bututun ƙarfe, a cusa wani farin gari a kewaye ta. Garin nan na barin zafi ya fita, amma ba ya barin wuta ta taɓa bututun. Irin wannan ita ce ta ruwa. Akwai mai fuka-fukan ƙarfe a jikin bututu, ta ɗumama iska. Akwai mai kamar ɗamara, wadda a ke ɗaura wa injin narka roba. Akwai siririya mai faɗi ta injin liƙe leda. Akwai ta tangaran, wadda a ke rubuta wa PTC, ita da kanta ta ke rage shan wuta in ta yi zafi. Sa'an nan ga jan ƙwan lantarki na renon 'yan tsaki.

Kafin ka fid da kuɗinka a kan ɗaya daga cikinsu, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ka amsa wa kanka tun a gida.

TA FARKO: ME ZA KA ƊUMAMA?

Ruwa na kwashe zafi daga jikin hita da sauri. Mai ba ya kai ruwa, iska kuwa ita ce ta baya. Saboda haka hitar ruwa gajeriya ce, an cusa ƙarfi mai yawa a ɗan ƙaramin bututu, don an san ruwa zai riƙa sanyaya ta. In ka kunna ta a waje, ko ruwa ya ƙafe ya bar ta a fili, nan da nan za ta yi ja ta fashe. In ka tsoma ta a man gyaɗa, man da ke jikinta zai ƙone ya yi baƙi ya yi ɗaci, alhali na gefen tukunya bai yi zafi ba tukuna. Hitar mai da ta iska dogaye ne, an baza ƙarfin a jiki mai yawa. Ke nan hita biyu na iya zama wat 2,000 kowace, amma ɗaya ba ta yin aikin ɗaya.

A dubi ƙarfen bututun kuma. Na tagulla ya isa ga ruwa mai kyau. Abin da za a ci ko a sha, kamar nono da mai, sai farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Inda ruwan rijiya ko na burtsatse ke barin farin ƙanzo a gindin buta, ƙanzon nan zai lulluɓe hita ya tsare zafi a ciki har wayar ta ƙone. Maganinsa a riƙa jiƙa bututun a ruwan lemon tsami ko na tsamiya, a goge, bayan an zare fulogi.

TA BIYU: ƘARFI NAWA AIKIN KE BUKATA?

Ana auna ƙarfin hita da wat. Hita mai wat 1,000 in ta yi sa'a ɗaya tana aiki, ta ci yunit ɗaya a mita. Ga wani lissafi mai sauƙi, malaman ofis da 'yan makaranta su taimaki iyayensu da shi. A ɗauki yawan litar ruwa, a ninka da yawan digirin da a ke so a ƙara, a raba da 860. Abin da ya fito shi ne yunit.

Misali, bokiti mai lita 20, ruwan ya kwana yana digiri 20, ana so ya kai 45 don wanka. Ƙarin digiri 25 ke nan. 20 sau 25 ya ba da 500, a raba da 860, ya ba da yunit 0.58. Hita mai wat 1,000 za ta gama cikin minti 35, mai wat 2,000 kuwa cikin minti 18. Ku lura da kyau, yunit ɗin da suka ci ɗaya ne. Babbar ba ta fi ƙaramar cin kuɗi a bokiti ɗaya ba, sauri kaɗai ta fi ta, sa'an nan ta fi ta wahalar da waya da soket.

Inda a ke son sauri, kamar dafa ruwa, babba na da amfani. Inda a ke son zafi ya tsaya wuri ɗaya dare da rana, kamar ƙyanƙyasa, babba ɓarna ce. Firjin dattijon nan jikinsa na riƙe zafi ƙwarai, kuma da damina iskar ɗaki ba ta rasa digiri 26 zuwa 30. Ƙarin digiri 10 kawai a ke nema. Wat 150 zuwa 200 ya ishe shi har da saura.

TA UKU: WACE IRIN WUTA GARE KA?

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. Ita ce wadda har yanzu mu ke kira Nepa, ko da ya ke hukumar NEPA da aka kafa a 1972 ta daɗe da shuɗewa, kamfanin Kaduna Electric ke raba wuta a Jihar Kebbi. Babban layinmu daga Kainji ya taso zuwa Birnin Kebbi. Amma wanda ke ƙarshen layi a ƙauye ya san yadda ta kan zo da magariba, ƙwan lantarki kamar garwashi.

In wuta ta ragu, zafin hita ya fi ta raguwa. In bolt 230 ya sauka zuwa 180, hita mai wat 1,000 ba za ta ba da fiye da wat 610 ba, bokitin minti 35 sai ya kusa sa'a guda. Kada ka yi hushi da mai shago, duba wutarka tukuna. Haka kuma kayan gwanjo da aka yi don Amurka, waɗanda aka rubuta wa 110V ko 120V, in ka sa su a wutarmu za su yi zafi kusan ninki huɗu, su ƙone nan take. A karanta rubutun jikin kaya kafin a biya.

Sai kuma maganar soket. A raba wat da bolt, a sami amfiya, watau yawan wutar da ke bin waya. Soket mai ƙafa uku masu kusurwa, irin na yawancin gidajenmu, amfiya 13 ne iyakarsa, watau wat 3,000. Hita mai wat 2,000 na jan amfiya kusan 9. In aka haɗa biyu a soket ɗaya an wuce 17, an ƙetare iyaka. Wayar soket ta zama mai lamba 2.5. Siririyar wayar nan ta rediyo da a ke ja daga ɗaki zuwa ɗaki, in aka ɗora mata hita, ita ma sai ta zama hita, robarta ta narke. Fulogin da ya yi zafi a hannu, ko soket da ya soma baƙi, gargaɗi ne.

Ƙaramin janareta da a ke gani a shaguna, yawancinsu ba su kai wat 1,000 ba. Ba su ɗaukar hitar ruwa, amma suna ɗaukar injin ƙyanƙyasa. Ga masu sola kuma, batir mai bolt 12 da amfiya 100 yunit 1.2 ke cikinsa, kuma irin na dalma rabi a ke sha in ana so ya daɗe. Hitar ruwa mai wat 1,000 za ta shanye rabin nan cikin minti 35. Amma elimen mai wat 100 na ƙyanƙyasa, wanda tamostat ke kashewa rabin lokaci, zai kai sa'a 12, watau dare guda cur. Wanda ya san wutar garinsu ba ta da tabbas, gara ya sayi elimen mai bolt 12 tun farko.

TA HUƊU: WA ZAI KASHE TA?

Hita ba ta san ta ƙoshi ba. Muddin akwai wuta, zafi za ta yi ta yi. Lalle ne a sami mai kashe ta, ko mutum, ko tamostat. Yawancin ƙananan tamostat na kasuwa amfiya 10 a ke rubuta musu, kada a ɗora musu abin da ya kai haka. Bakin da ke jin zafi a rataye shi daidai tsayin ƙwai ko bayan 'yan tsaki, nesa da elimen. Kuma a ajiye ma'aunin zafi na dabam a gefe don shaida, domin tamostat ma ya kan yi ƙarya.

MASU ƘYANƘYASA

Ƙwan kaza kwana 21 ya ke yi, na zabo 26 zuwa 28, na talo-talo 28, na agwagwarmu ta gida 35. Dukansu zafin da su ke so cikin inji mai fanka digiri 37.5 ne zuwa 37.8. Ƙwai ya kan jure sanyin 'yan sa'o'i in an ɗauke wuta, muddin an bar ƙofa a rufe an lulluɓe injin da bargo. Amma zafin da ya wuce digiri 40 ba ya ɗaukar lokaci ya ke kashe ɗan da ke ciki.

Saboda haka a zaɓi ƙaramin elimen wanda ba ya yin ja, mai fuka-fuki ko na tangaran, a sa fanka a bayansa ta riƙa aiki ba tsayawa. Ƙanana biyu sun fi babba ɗaya, don in ɗaya ya mutu cikin dare ɗayan zai riƙe ƙwan zuwa safe. A sa faranti da ruwa a ƙasa don laima, a ƙara shi a kwana uku na ƙarshe, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da kome. A riƙa juya ƙwai aƙalla sau uku a yini, a daina saura kwana uku.

Akwai wani abu da takardar cikin kwalin inji ba za ta gaya muku ba. A ƙasarmu, cikin Afrilu da farkon Mayu, zafin rana ya kan wuce digiri 40 ko a inuwa. A lokacin nan hita ba ta da aiki da rana, kuma ba ta iya sanyaya kome. In injin na cikin ɗakin kwano, ƙwai zai lalace ko da wuta a kashe ta ke. A mai da shi ɗakin ƙasa mai sanyi, a rataya jiƙaƙƙen buhu a taga, ko kuwa a haƙura da zuba ƙwai har ruwa ya sauka.

MASU RENON 'YAN TSAKI

Nan ni ma na taɓa yin nawa kuskuren, ba zan ɓoye muku ba. Shekarar da na soma aiki na karɓi 'yan tsaki 100 'yan kwana ɗaya, waɗanda aka ɗauko a mota daga Ibadan cikin watan Janairu. Na rataya musu ƙwan lantarki huɗu irin na zamani, farare masu haske, ɗaki ya yi kamar rana, na tafi na kwanta. Da asuba na tarar sun taru a lungu ɗaya sun danne juna, 23 sun mutu. Na san karatun tun a makarantar aikin gona, amma hasken ya ruɗe ni. Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ke sha zafi ya ke zama. Na zamani mai wat 9 ko 12 an yi shi ne don ya ba da haske da wuta kaɗan, ɗuminsa bai taka kara ya karya ba.

Ɗan tsako na son digiri 32 zuwa 35 a makon farko, sa'an nan a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako har ya yi gashi. Daren hunturu kuwa a nan ya kan sauko wajen digiri 15. Jan ƙwan reno mai wat 250 ya kan ishi tsaki 75 zuwa 100 in ɗakin a rufe ya ke. A rataye shi da sarƙa ko wayar ƙarfe, kamar santimita 45 daga ƙasa, kan da a ke ɗaura shi ya zama na tangaran, don na roba narkewa ya ke yi. Kada ruwa ya fantsamar masa yana da zafi, kada kuma ya kusanci buntu ko ciyawar shimfiɗa.

Su kansu 'yan tsakin za su gaya maka gaskiya. In sun cunkushe a ƙarƙashin fitila suna kuka, sanyi su ke ji. In sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. In sun bazu suna ci suna sha, ka dace.

A yi lissafin kuɗi kuma. Ƙwai mai wat 250 dare da rana yunit 6 ne, mako biyu yunit 84. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin yunit na masu rukunin Band A naira 225. A wannan farashi, renon mako biyu ya tasam ma naira 19,000. Mu na ƙauye ba mu biyan haka, amma kuma ba mu samun wutar haka. Don haka kaskon gawayi ya zauna a shirye kullum, a hura shi a waje sai hayaƙi ya ƙare, a kuma bar kafar shan iska a ɗakin.

MASU SANA'A DA MASANA'ANTU

Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, maganar gyaran shinkafa ta yi yawa a bakin jama'a, ga kuma manyan kamfanoni kamar Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu. Waɗansu mata masu gumi sun tambaye ni ko za su iya barin itace su koma hita. Mu koma ga lissafinmu. Duro mai lita 200, daga digiri 25 zuwa 70 don jiƙa shinkafa, yunit 10.5 ne. Hita mai wat 3,000 sai ta yi sa'a uku da rabi, kuma a farashin nan na 2024 kuɗin ya wuce naira 2,300, ba a ma soma turarawa ba. Turarawa ta fi ci, domin kowace lita ɗaya da ta zama tururi ta kan ƙara cin fiye da rabin yunit. Amsar da na ba su ita ce, ga buntun shinkafa jibge a bakin injin casa, murhun da ke ƙona shi ya fi musu kowace hita araha. Sanin inda ba a bukatar hita, shi ma yana cikin iya zaɓe.

Inda lantarki ya fi kome shi ne wurin da a ke son zafi kaɗan, mai tsabta, a daidai wuri. Mai injin liƙe leda, in siririn elimen ɗinsa ya tsinke, ya kai tsohon shago a auna tsawo da faɗi, ya kuma canja ƙyallen da ke rufe shi, don in ƙyallen ya huje leda za ta riƙa manne wa waya. Masu injin narka roba, irin na Sharaɗa da Challawa a Kano, ɗamararsu sai ta kama jikin inji kam-kam. In ta yi sako-sako, zafi zai tsaya a jikinta ta ƙone. Aikin da ya wuce wat 3,000 ya fi ƙarfin soket, sai a ja masa layinsa na kansa. Manyan ayyuka kuwa sai wuta mai layi uku, bolt 400 ko 415, a raba elimen uku-uku don kowane layi ya ɗauki kaya daidai da ɗan'uwansa. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, ba na gwaji ba ne.

A BAKIN SHAGO

In ka je saye, tafi da tsohon elimen in akwai. Duba a jikin ƙarfen ka ga an buga bolt da wat, kada ka tsaya ga rubutun kwali. Sa'an nan ka roƙi mai shago ya auna maka da mitarsa ta hannu a wurin da a ke auna om. Elimen na waya mai bolt 230, in wat 1,000 ne mita za ta nuna om kamar 53, in 2,000 ne kamar 26, in 3,000 ne kamar 18. In an rubuta 2,000 amma mita ta nuna 50, ka san rubutun ƙarya ne. Wannan awo ba ya aiki ga na tangaran ko ƙwan lantarki. Bayan haka ya ɗora baki ɗaya na mitar a kan ƙafar fulogi, ɗayan a jikin bututun. Nan kada mita ta motsa ko kaɗan. In ta motsa, wuta na zuba a jikin ƙarfen, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Araha ba ta ado.

RAI YA FI RUWAN ZAFI

Kowace shekara da hunturu mu kan ji labarin gobara da na waɗanda wuta ta ja a bokiti. Ga abubuwa biyar, a karanta wa mutanen gida.

1. A tsoma hita a ruwa tukuna, sa'an nan a kunna. A kashe, a zare fulogi, sa'an nan a fid da ita.

2. Kada kowa ya sa hannu ya ji zafin ruwa alhali hita na ciki a kunne. A hana yara kusantar wurin.

3. Kada hita ta taɓa jikin bokitin roba. A rataye ta a sanda a gicciye, ruwa ya rufe bututun, kan robar kuwa ya tsaya a waje.

4. In an ɗauke wuta, abin farko shi ne a zare hita da dutsen guga da risho. Mutum ya kan manta ya fita ko ya yi barci, a kawo wuta da tsakar dare, ruwa ya ƙafe, bokiti ya kama.

5. Hitar da samari ke haɗawa da reza biyu ko gwangwani da guntun katako, wuta tsirara ta ke sakarwa cikin ruwan. A karya ta a jefar.

Shi kuwa dattijon nan namu, bai yar da firjinsa ba. Mun cire wayar risho, jikarsa ta mai da ita inda ta fito tana dafa shayi da ita. Muka sa elimen biyu masu wat 100 kowane, da 'yar fanka, da batir don dare. Muka bar injin ya yi kwana biyu ba ƙwai muna duba ma'auni safe da rana da dare, bai wuce digiri 38 ba. Ya zuba ƙwan zabi 90 na ƙarshen damina, ya sami tsaki 64. Da na koma duba su sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ashe ƙaramar ta fi babbar." Na ce, "A wannan aiki kam, Baba."

Wanda ke da tambaya a kan injinsa, ya rubuto ya faɗi girman injin, da yawan ƙwai ko tsaki, da irin wutar da ya ke samu, in Allah ya yarda zan amsa a wannan fili. Mako mai zuwa kuma za mu yi magana a kan ajiyar wake, yadda za a tsare shi daga ƙwaro ba tare da an zuba masa guba ba. Allah ya ba mu hunturu lafiya, amin.

Malamin Gona, Dangoma.